Na'urar Auta Mai Korar Tsatsa

Ranar da Auta ya shigo gida riƙe da wani ɗan akwati, ko sallamar kirki bai yi ba, ya tsaya a tsakar gida ya sanar cewa daga yau tsatsa ta shiga uku. Zai fara da motar yayarsa, ya koma kan motocin haya, ya gangara kan manyan motoci, kafin shekara ta zagayo kuwa duk wani mai walda da ke garin sai ya nemi wata sana'ar.

Wanda bai san Auta ba sai ya ɗauka wani abin kirki ne ya iso. Mutum ne ɗan shekara talatin da huɗu, mai gyaran fanka da rediyo a wata 'yar rumfa a bakin titi, irin gyaran nan da za ka kai masa fanka tana juyawa a hankali, ka karɓo ta tana juyawa da baya. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya sa aka rubuta masa a allo. A cikin gida kuwa mutum ɗaya ce ke kiransa da sunan, wato mahaifiyarsu, Inna, wadda har gobe gani take yi da an bar yaron nan ya yi karatu mai zurfi da yanzu shi ke ƙera jirgin sama. Babu wanda ya hana shi karatun. Shi ya gudo da ƙafarsa.

Yayar tasa, wadda mutanen unguwa ke kira Uwar Kaji saboda kajin ƙwai da take kiwo a bayan gida, tana tsugune tana jera ƙwai a kiret. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Motar wa ka ce?"

"Taki mana, Yaya. Wa ya kamata ya fara cin moriyar kimiyya in ba ke ba?"

Motar da ake magana a kai wata tsohuwar a-kori-kura ce fara. Ita ke kai ƙwai gidan burodi da kantuna kowace safiya. Da abin da ta samo ake cefane, ake sayen maganin hawan jinin Inna, ake kuma ciyar da shi kansa Injiniyan, wanda rumfarsa ba ta taɓa sayo wa gidan ko ashana ba. Kwanan nan tsatsa ta fara cin ƙasan motar a gefen fasinja, wuri kamar faɗin tafin hannu. Mai Walda, wani dattijo da ke da rumfa a ƙarshen layin, ya riga ya duba ya ce a kawo masa ita kwana uku, ya yanke wurin, ya sa sabon ƙarfe, ya shafe ƙasan da baƙin fenti mai kauri, magana ta ƙare.

Auta ya buɗe akwatin. Wata 'yar aba ce baƙa, girmanta bai wuce sabulun wanka ba, da wayoyi a jikinta da wata 'yar koriyar fitila.

"Tsatsa, Yaya, ba komai ba ce illa yunwar lantarki. Ƙarfe ne ke jin yunwa, sai ya fara cin kansa. Wannan na'urar za ta riƙa ɗura masa wuta kaɗan-kaɗan har ya ƙoshi. Jiragen ruwa duk da ita suke aiki. Kin taɓa ganin jirgin ruwa a rumfar mai walda?"

"Ni ban taɓa ganin jirgin ruwa ba ma."

"To kin gani."

Inna tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa, sai ta ajiye tiren. "Ke dai ba kya son ganin ci gaban yaron nan. Ga ɗan'uwanki da ilminsa, sai ki ɗauki mota ki kai wa bare ya yayyanka ta?"

"Inna, ilmin nan ne fa ya ƙona mana firji."

"Firjin ya tsufa."

"Da dutsen guga."

"Shi ma ya tsufa."

"Sabo fil, a kwali ya ciro shi."

"To tun a kanti ya tsufa," in ji Inna, ta ɗauki tirenta. "Ki ba shi zuwa ƙarshen damina. In bai yi ba, ki kai wa tsohon naki. Amma kafin nan, motar nan ta shiga rumfar can, ni da ke ne."

Uwar Kaji ta yarda. A gaskiya ita ma tana da nata laifin, don kwana uku babu mota yana nufin kwana uku ba a kai ƙwai ba, kuma ta san Inna in ta ɗauki gaba sai ta yi sati ba ta amsa gaisuwa. Ta ce a ranta, abu kamar sabulu, wace ɓarna zai iya yi?

Washegari da hantsi Auta ya fara aiki a ƙofar gida. Tela da mai aski, waɗanda shagunansu ke kallon gidan, suka jawo benci suka zauna. Takardar da ke cikin akwatin cewa ta yi a liƙa wayoyin a jikin mota, amma Auta ya ce liƙi aikin masu gyaran takalmi ne. Ya aro injin huda ƙarfe, ya huda motar wuri bakwai, ya kankare fentin kowane wuri har ƙarfe ya fito fes, wai don wutar ta samu shiga da kyau. A huda ta bakwai ya haɗa da wasu wayoyin da ba su yi masa komai ba. Ranar duk inda Uwar Kaji ta taka birki sai hon ya ɗauka. Ta yi wa masu babur hon, ta yi wa wata mai ciki hon, ta isa gidan burodi ta tsaya da hon, mai gidan ya fito da fulawa a hannu yana tambaya ko yanzu shi ne ya zama yaronta.

Kashegari motar ta ƙi tashi. Ta murɗa makulli, sai ɗan ƙas-ƙas. Batir ya mutu murus.

"Alhamdulillahi," in ji Auta, ya leƙa ƙarƙashin murfin inji yana murmushi. "Kin ga irin yunwar da ƙarfen nan ya daɗe yana ji? Ya shanye batirin tas."

"Auta, ƙarfe bakwai saura, ana jiran ƙwai."

"Ai mara lafiya in ya fara cin abinci, murna ake yi."

Tela da mai aski ne suka tura. Suka sake turawa washegari. A rana ta uku, da tela ya ji ƙas-ƙas sai ya sa hannu ya jawo tagar shagonsa a hankali.

Bayan sati uku, duk wuraren bakwai da aka huda sun yi ja, kowanne da zoben tsatsarsa. Uwar Kaji ba ta shigar da motar rumfar Mai Walda ba, tunda an hana ta, amma ta tsayar da ita a bakin titi daidai ƙofar rumfar ta kira shi. Auta ya hango daga nesa, ya biyo da sauri yana gyara wuyan riga.

Dattijon ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya shafa wuraren da yatsa, ya dubi 'yar koriyar fitilar da ke ta ƙiftawa.

"Baba, ba lallai ka gane ba," in ji Auta. "Fasahar jiragen ruwa ce."

"Shekara tara na yi ina walda a tashar jiragen ruwa, ɗana. Gaskiya ka faɗa. Ana sa wa jirgi irin wannan, kuma tana aiki."

Auta ya juyo ya dubi yayarsa, ƙirji ya kumbura kamar zai fasa maɓalli.

"Amma tsaya ka ji," in ji Mai Walda. "Jirgi a cikin ruwa yake zaune kullum. Wutar ta fito, ta bi ta cikin ruwan, ta taɓa ko'ina a jikin jirgin, ta komo. Ruwan ne hanyarta. Ita motar nan a kan roba take tsaye, iska ce kewaye da ita. Ta ina wutar za ta bi? Ta fita daga batir, ta kunna wannan 'yar fitilar, ta koma batir. Iyakar yawonta ke nan."

"Wato matsalar rashin ruwa ce."

"Wato abin ba na mota ba ne."

"Amma da akwai ruwa, da ya yi."

"Da motar jirgi ce, da ya yi. Ka cire shi, ka bar ni in toshe mata waɗannan wuraren tun ba su yi nisa ba."

Duk wanda ke wurin ya ji abin da tsohon ya faɗa. Auta shi kaɗai ya ji wani abu daban. Kafin azahar ya gaya wa mai aski cewa babban gwanin jiragen ruwa ya tabbatar da na'urarsa da bakinsa, saura ɗan gyara kawai.

Kwana biyu bayan haka Uwar Kaji ta shiga mota ta taka wani abu mai laushi. Buhun algarara ne jiƙe sharkaf, an shimfiɗa shi a ƙasan ƙafarta. Ta ciro shi da yatsa biyu, ta shiga gida, ta jefa wa Auta a cinya yana shan shayi.

"Na sake ganin wannan a motata, sai na sa ka cinye shi."

"Yaya, hanyar wuta ce."

"Hanyar asibiti ce."

Ba ta sake ganin buhu ba, ta ɗauka magana ta mutu. Abin da ba ta sani ba, Auta ya daina sa buhun ne a inda ido ke gani. Ya ɗaga ledar ƙasan motar ya shimfiɗa su a ƙarƙashi, ya cusa wasu a ƙasan kujeru, ya shiga ƙarƙashin motar ya naɗe shasi da su, wato dogayen ƙarafan da duk motar ke zaune a kansu, ya ɗaure da waya. Don kada su bushe kuma, sai ya ɗauki nauyin wanke mata mota kowace safiya. Mutumin da ko kofin da ya sha shayi bai taɓa ɗaurayewa ba, ga shi da bokiti biyu tun da sassafe.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Yaron da kike rainawa."

Daga nan motar ta fara wari kamar jiƙaƙƙen kare. Gilashi ya riƙa yin hazo ko ana rana tsaka, sai ta yi tuƙi da tsumma a hannu. Wata safiya ta tarar da laimar kwaɗi guda uku sun tsiro a gefen kujerar fasinja. Duk ta ɗora wa damina da wuraren da Auta ya huda. Sai kuma wani jan ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan motar duk inda ta kwana.

Wannan jan ruwan ne ya ɗaukaka Auta. Ya jera farantai a ƙarƙashin motar yana tara shi, ya ɗura a kwalabe, ya liƙa wa kowace kwalba takarda: sati na farko, sati na biyu. Ya jera su a kan kantar rumfarsa, inda fankokin mutane suka shekara suna jiran gyara.

"Ga ta nan," yake ce wa duk wanda ya tsaya. "Tsatsa ce ke gudu daga jikin mota. Ku dubi ta wannan satin, ta fi ta wancan ja. Na'urar ƙara ƙarfi take yi."

Abin haushi, aka samu masu yarda. Mai aski ya ɗaga kwalba ya duba ta a rana, ya ce lallai wannan tsatsa ce, babu ja. Tela, wanda ya huta da jin ƙas-ƙas tun da Uwar Kaji ta koyi cire kan batir da yamma, ya fara tambaya ko za a iya sa wa keken ɗinki. Direbobin haya suka fara tsayawa suna leƙe. Mutumin da jiya ake kira Auta mai fanka, yau har ana matsa masa a benci.

Wata rana tana wucewa, Mai Walda ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, ƙanenki ya fara hankali. Jiya ya zo har nan, ya zauna da ladabi, yana tambayata tsakanin ruwan famfo da ruwan teku wanne wuta ta fi bi. Na ce masa na teku mana, saboda gishiri. Har godiya ya yi mini."

"Godiya, Baba? Auta?"

"Sau biyu. Amma wannan jan ruwan da nake jin labari, ba na son shi. Motar da ke zubar da irin wannan ba gobe ake kawo ta ba, yau ake kawo ta."

Uwar Kaji ta yi masa sallama. Ta koma gida ta ce wa Inna gobe za ta kai mota. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ture kwanon abincinta, ta juya fuska bango, ta ce ai ba komai, a je a tozarta yaro a idon duniya daidai lokacin da Allah ya fara ɗaga shi, ita dai ta kusa tafiya ta bar musu gidan. Saura sati shida damina ta ƙare. Uwar Kaji ta mayar da kwanon gaban uwarta.

A satin ne gishirin kicin ya fara ɓacewa. Inna ta zargi ɓeraye, ta zargi maƙwabciya, ta zargi masu yin gishirin da rage awo. Bakin ƙofofin motar suka fara yin wani farin ɓawo, Auta ya ce lantarki ne ya yi yawa har ya daskare. Sannan awaki suka shigo cikin maganar. Duk inda Uwar Kaji ta ajiye motar, kafin ta sauke kiret biyu sai ta tarar da awaki sun cusa kai a ƙarƙashi suna lasa. A ƙofar gida kuwa har jiran dawowarta suke yi. Wata baƙar akuya ta maƙwabta ta taɓa bin ta da gudu har bakin babban titi.

"Me awaki ke nema a motata?"

"Dabba ta fi mutum sanin lafiyayyen ƙarfe, Yaya."

"Auta, in na gano abin da kake yi..."

"Za ki gode mini a gaban jama'a. Ranar Asabar ma."

Ba ta tambayi abin da ke Asabar ba, kuma ta yi kuskure. Ranar da safe ta gama lodin ƙwai, ta leƙa kantin kusa da gida sayen ashana, mai kantin ya ce mata, "Wai kajin naki gishiri suke ci yanzu? Wannan ne buhu na uku da Injiniya ya ɗauka." Ta tsaya da ashanar a hannu. Ta fito da sauri, sai ta tarar an tare gaban motar da bencina.

Mutane sun fi talatin. Shugaban direbobin haya na zaune a gaba da tumbinsa, direbobi shida a bayansa, ga tela, ga mai aski, ga matan layin a ƙofofin gidajensu. Mai Walda yana tsaye can gefe, hannu a baya. A kan tebur an jera kwalaben jan ruwa goma sha huɗu. Auta na sanye da wata farar doguwar riga irin ta masu bincike, wadda kowa ya gane ta mahauci ce saboda tabon da ke aljihunta. Awaki biyar suna ƙarƙashin motar suna harkarsu.

"Auta, ɗauke bencinan nan. Ana jirana a gidan burodi."

"Minti biyar, Yaya. Tarihi ake kafawa."

"Gishirin me kake saya buhu-buhu?"

"Sirrin sana'a ba a faɗinsa a titi." Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Ranka ya daɗe shugaba, 'yan'uwana direbobi. Wata huɗu da suka wuce an ce motar nan sai an yanka ta. Wasu tsofaffin hannu, ba zan kama suna ba, sun ce na'urata ba ta mota ba ce. Yau ga tsatsar a kwalba, ga motar a tsaye."

"Mota nawa za ka sa wa?" in ji shugaban direbobi.

"Duka. Mota arba'in a sati ɗaya."

"Yin kyau a ido bai ishe ni ba. Ni sai na taɓa nake yarda."

"Za ka taɓa, ranka ya daɗe. Amma ni zan fi ka. Ba ni da abin da ya fi mini daraja a duniya kamar mahaifiyata. Zan zaunar da ita daidai kan wurin da aka ce ya ruɓe."

Inna ta fito cikin sabon zane, tana tafiya a hankali tana amsa gaisuwa, fuskar nan cike da alfahari. Daidai lokacin baƙar akuyar nan ta ja da baya daga ƙarƙashin motar da wani abu a baki. Ta ja, ta ƙara ja, sai ga rabin buhun algarara ya biyo ta, ja jawur, yana zubar da ruwa, da wasu ɓaraguzan ƙarfe manne a jikinsa. Mai Walda ya tako ya ƙwace shi daga bakinta. Ya shinshina, ya dangwala yatsa ya ɗanɗana. Uwar Kaji ta ga fuskar tsohon ta canza.

"Ɗana, gishirin da na gaya maka, a motar ka zuba?"

"Kai ka ce wuta ta fi bin sa, Baba. Ina da shaidu."

"Kada ku bar Inna ta zauna," in ji Mai Walda da ƙarfi.

Ina. Auta ya riga ya kama hannun Inna ya ɗora ta a kujerar fasinja. "Hassada ce, Inna, zauna abinki. Jama'a, ku saurari ƙarar ƙarfe mai lafiya." Ya ja ƙofar da baya, ya buga ta da dukkan ƙarfinsa.

Ƙarar da aka ji ba ta ƙarfe ba ce, ta fi kama da ta busasshen burodi in an taka shi. Ta tagar motar ana ganin Inna daga ƙirji zuwa sama, tana murmushi. Sai aka ga ta fara sauka. Kafaɗu suka shige, haɓa ta shige, murmushin ya shige, har ya rage ƙullin ɗankwali kaɗai a bakin taga. A ƙasa kuma sai ga kujerar ta leƙo tsakanin tayoyi, ta zauna daram a kan titi, jiƙaƙƙun buhuna na faɗowa kewaye da ita ɗaya bayan ɗaya. Awaki suka watse, suka kuma dawo nan take, don ba su taɓa ganin gishiri a fili haka ba.

"Inna!" Uwar Kaji ta ruga.

"Ban ji ciwo ba," in ji murya daga can ƙasa. "Wani ya kori akuyar nan, tana lasar mini ƙafa."

Da aka tabbatar tsohuwa lafiya take, sai dariya ta ɓalle. Mai aski ya faɗo daga benci. Tela ya riƙe ciki yana cewa Allah ya rufa wa kekensa asiri. Auta ya kama hannun ƙofa zai buɗe, ya fizga, ƙofar ta biyo shi gaba ɗayanta, ya tsaya rungume da ita a tsakiyar titi cikin rigar mahauci.

"Wannan... matakin ƙarshe ne," ya ce. "In tsatsa za ta fita duka, dole ta..."

"Ta fita da motar," in ji shugaban direbobi, ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Injiniya, in na ga inuwarka kusa da tasharmu, sai na sa an ɗura maka kwalaben nan goma sha huɗu."

"Ranka ya daɗe, adadin gishirin ne bai daidaita ba. A mota ta gaba..."

Ba wanda ya tsaya jin mota ta gaba. Uwar Kaji ma ba ta ji shi ba, kuma ita kaɗai ce a wurin ba ta yi dariya ba. Tsoro ne ya cika ta. Ta dubi Mai Walda.

"Baba, za ta gyaru?"

Tsohon ya ciro sukundireba daga aljihu, ya kwanta a ƙasa da ƙyar, ya shige ƙarƙashin motar. Ta tsuguna tana kallonsa. Ya warware wayar da aka ɗaure wani buhu da ita, buhun ya faɗo, ya sa bakin sukundireban a jikin shasi ya ɗan danna. Ya shige har ƙota. Ya matsa gaba ya sake dannawa, ya sake shigewa. Ya gwada wuri na uku kusa da tayar baya, wannan karon ma bai danna ba, da yatsa ya ɓantaro. Ya fito a hankali, jan gari duk a gemunsa.

"Ki cire injin da tayoyin, 'yata. Su kaɗai ne ƙanenki bai kai ga taimaka musu ba. Sauran babu inda zan kama in yi walda."

Ta daɗe a tsugune. A bayan motar ƙwai na nan a jere, ko ɗaya bai fashe ba, rana kuma ta fara zafi.

"Ke," in ji Inna daga cikin ramin, ta gefen da babu ƙofa. Tana zaune gwiwoyi a ƙirji, sabon zanen ya jiƙe da jan ruwa. "Kada ki tsare shi da ido haka a gaban mutane. Ni ce na yi nauyi. Yaron ai ya yi ƙoƙari."

Uwar Kaji ta miƙe. Ta zagaya bayan motar, ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta ɗora kiret biyar a ka, iya abin da wuyanta zai ɗauka. Ta dawo ta tsaya daidai inda uwarta ke zaune.

"Inna, shekara goma sha ɗaya motar nan tana fita tun da sassafe tana ciyar da gidan nan. Ko sau ɗaya ban taɓa jin kin ce ta yi ƙoƙari ba."

Mutane suka dare suka ba da hanya, babu mai sauran dariya. Uwar Kaji ta dafe kiret ɗin da hannu ɗaya, ta bi gefen titi a ƙasa, ta nufi gidan burodi.